Kalmar Ingilishi da Na Fassara wa Yayata a Karkace

Ina yi wa edita sallama, da duk mai karanta wannan shafi. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke rubutowa, ina jinjina wa waɗanda suka iya faɗin laifin kansu, sai bana na samu ƙarfin zuciyar rubuto nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ba su ne suka yi kuskuren ba.

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, ina malamin kwantiragi a wani kolej da ke Gazawa, ina koyar da Ingilishi. Ni ɗan Gangara ne, kuma a zuriyarmu kaf ni na fara yin nisa a lakol, wato makarantar boko. Na yi lise, wato babbar sakandare, a Maradi, na shiga jami'a na yi shekara biyu, hali bai bari na ƙare ba, na dawo na kama alli. A ƙasarmu wanda ya iya Faransanci ba abin kallo ba ne, amma Ingilishi wani abu ne daban. Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka hauro, har yau rabin danginmu suna ƙetaren iyaka, kuma duk abin da ya fito daga can, takardar asibiti ce, ko rubutun jikin buhun taki, ko na kwalbar maganin ƙwari, da Ingilishi yake zuwa. Saboda haka duk ƙarshen mako in na zo gida, kafin in cire takalmi an fara miƙo mani takardu. Har dattawan da aka haife ni a gabansu Mushe suke ce mani, kamar yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne Ingilishina na littafin aji ne. Na iya nahawu ƙwarai, amma kalmomin asibiti da na ma'aikatu ban san ko rabinsu ba. In na ci karo da kalmar da ta shige mani duhu, sai in nemo wadda ta yi kama da ita a Faransanci ko a ɗan Ingilishin da na sani, in ƙaga ma'ana, in faɗe ta da ƙarfin murya. Sau da yawa ina dacewa. Ranar da ban dace ba kuwa, babu mai kama ni.

Ina da yaya mace wadda ta girme ni da shekara tara. Ina aji biyu mahaifiyarmu ta rasu, ita ta riƙe ni, ko da aka yi mata aure da ni ta tare. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma ta yi suna, har daga Agiye ake aiko mata da jarka. Shekara biyu kafin abin da zan ba da labarinsa ta yi tarin fuka. Ta sha magani wata shida a likita, wato asibiti, aka gwada aka ce ta warke. Amma abin da ya fi cin ranta ba ɗacin maganin ba ne. Masu sayen mai suka ɗauke ƙafa, aka ware mata kwanon ci da moɗar sha, in ta je biki ko suna sai ta ga mata suna matsawa a kan tabarma kamar ba da gangan ba. Sai da ta kusan shekara kafin ciniki ya dawo. Ta sha gaya mani cewa duk abin da Allah zai jarrabe ta da shi tana iya ɗauka, ban da a sake yi mata wannan kallon.

A bazarar waccan shekara tari ya dawo mata. Zazzaɓi da yamma, gumi, rama. Ta ce hayaƙin suya ne. Ta ƙi zuwa likitan garinmu, don a Gangara duk wanda ya shiga ɗakin masu tari, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mijinta manomi ne, mutum mai shiru da haƙuri. Sai ya yi dabara, ya ce za su je barkar haihuwa wurin dangi a ƙetaren iyaka, da suka isa ya kai ta wani asibiti a can. Aka ɗauki kakinta, aka yi mata hoton ƙirji. Likitan da ya duba ta ɗan can kudu ne mai nisa, ba ya jin Hausa, ga layi har waje. Wata malamar asibiti ta miƙo masu takarda cikin hanzari, ta ce su kai wa likitansu na gida kada su yi jinkiri. Suka dawo da takardar a aljihun mijin, a naɗe cikin leda, suna jiran Mushe.

Ranar Asabar bayan la'asar na iso. Muna zaune gindin dogon yaron da ke tsakar gidan, ga mijin yayata, ga ƙannensa biyu, ga kawunmu, ita kuma tana gefe bisa tabarma ta jingina da bango. Aka miƙo mani takardar. Rubutun likita ne, kamar kaza ta yi tono. A sama akwai manyan haruffa uku da ban gane ba, sai kalmar relapse, a ƙasa kuma na iya tsinto retreatment. Ban san ta farkon ba, ban taɓa ganinta ba. Amma ta yi mani kama da relax, wato shaƙatawa. Ta biyun kuwa ta yi kama da retraite ta Faransanci, hutun da ma'aikaci ke tafiya in ya ajiye aiki. Kalma biyu, duk sun karkata wuri ɗaya a kaina. Na ɗaga kai, sai idona ya faɗa cikin na yayata. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba.

Na ce, “Yaya, hutu aka rubuta maki. Sun ce jiki ya gaji, ki ajiye aiki ki kwanta.”

Mijinta ya ce, “Mushe, to ita malamar ta ce mu kai wa likitanmu takardar, kada mu yi jinkiri.”

Na ce masa wannan al'adar asibiti ce, don dai na gida su san an duba ta, babu wata gaggawa. Ya sake tambaya ko na tabbata babu maganar tarin da. Na ce da akwai da na gani. Yayata ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na zuba. Kawu ya ce wannan shi ne amfanin lakol, da ba don ni ba da an tayar wa baiwar Allah da hankali a banza.

A nan ne nake son mai karatu ya san ainihin laifina, don ba jahilci ba ne kaɗai. Tun ina riƙe da takardar zuciyata ta gaya mani haruffan ba su zo daidai da relax ba. Ƙamus ɗina yana ɗakina a Gazawa. Na ce a raina ranar Litinin zan duba, amma ban kwafi kalmar ba, don in na ciro biro a gabansu za su gane ban sani ba. Ranar Litinin na ɗauko ƙamus ɗin, na riƙe shi, na gaya wa kaina ai na manta yadda aka rubuta ta, na mayar da shi. Ban manta ba. Tsoron abin da zan tarar nake yi, da tsoron in koma gaban mutanen nan in ce na yi kuskure.

Haka aka shafe wata uku. Yayata ta ajiye suya, ta kwanta tana hutun da na rubuta mata da bakina. Ana ba ta zuma da jiƙon sassaƙe. Duk zuwan da zan yi sai in tarar ta ƙara ramewa, zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta sau biyu. Autarta, yarinya ƴar shekara shida, a shimfiɗa ɗaya suke kwana. In mijin ya ja ni gefe ya ce shi fa hutun nan bai ga yana amfani ba, sai in ce zafin bazara ne, da ruwa ya sauka za ta murmure. Daga baya na rage zuwa gida, ina cewa aikin lakol ya yi yawa.

Farkon damina aka tura ni Gidan Rumji gyaran takardun jarrabawar fita kolej. Aka haɗa ni tebur ɗaya da wani dattijon malamin Ingilishi, mutumin Tsibiri, wanda ya yi karatunsa a Najeriya tun ba a haife ni ba, a lokacin yana koyarwa wajen Cadakori. Rana ta uku da hantsi mun fito shan shayi, yana ba ni labarin wani maƙwabcinsa da ya bar shan ƙwaya shekara guda cur, har ya yi aure, sannan ya koma. Da yake dattijon yana son cakuɗa harsuna, sai ya ce da Ingilishi mutumin ya yi relapse. Na ajiye kofin shayin. Na roƙe shi ya rubuta mani kalmar. Ya rubuta a bayan wata takarda, haruffan nan bakwai, kamar yadda na gan su a hannun likita. Da murya ƙasa ƙasa na tambaye shi ko tana da alaƙa da hutu.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wagga kalma, ɗana, babu hutu cikinta ko kaɗan. Ciwo ne ya tahi, an ce an warke, ya komo. Ita ce rechute ga Faransanci. Mi ya faru?”

Na rubuta masa kalma ta biyun, retreatment. Ya ja layi ya raba ta gida biyu, ya ce ƴar gaɓar farko tana nufin sake, sauran kuma magani, wato a sake ɗora mutum a kan magani daga farko. Sai na gaya masa komai, ban rage ba. Bai yi mani faɗa ba. Ya tambaya wata nawa ke nan, na ce uku. Ya ce in tashi yanzu, shi zai yi wa shugaban cibiyar bayani, kuma takardun da suka rage mani shi zai gyara.

Na hau mota zuwa Maradi, na sake wata mai bin hanyar gabas, muka wuce Agiye, na sauka Gazawa na ɗauki babur ɗin haya, kabukabu. An yi ruwa da safe, hanyar Gangara duk laka. A cikin tafiyar nan shaiɗan ya kawo mani mafita har biyu. Ina iya cewa na haɗu da wani likita ya ba ni shawara a sake gwada ta. Ina iya ɗaukarta in kai ta likita shiru, kowa ya ɗauka sabon ciwo ne. Duk biyun za su kai ta ga magani, kuma sunana ya tsira. Amma na san in na yi haka, gobe ma za a miƙo mani takardar wani, in sake yin abin da na saba. Kafin mu shiga gari na yanke shawara: a gaban waɗanda na yi ƙaryar, a gabansu zan warware ta.

Na iso maza sun dawo daga gona, rana ta yi sanyi. Na roƙi mijin yayata ya kira ƙannensa da kawu. Da suka zauna na ce masu takardar nan ba hutu ta ce ba, cewa ta yi tarin fuka ya dawo, a gaggauta sake magani. Na ce ban san kalmar ba a ranar, kunya ta hana ni faɗi, na ƙaga ma'ana, kuma na samu damar dubawa na ƙi. Kawu ya miƙe tsaye yana salati, ya zage ni zagin da bai taɓa yi mani ba tun ina yaro. Ɗaya daga cikin ƙannen mijin ya ce in matar nan ta mutu su san wanda za su riƙe. Shi mijin bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Sau biyu na tambaye ka, Mushe.” Wannan ta fi zagin kawu zafi.

Yayata tana jin mu daga bakin ƙofar ɗaki. Sai da tari ya lafa mata sannan ta yi magana. Ta ce, “Ku bar shi haka. Ni ma na san tarin nan, na san muryarsa tun ranar da ya dawo. Abin da nake son ji ne ya gaya mani.” Ta numfasa, ta juyo gare ni ta ce, “Amma kai aka tura lakol, ƙanena, ba ni ba.”

Washegari da sassafe muka kai ta likitan Agiye, har da autar, don ita ma ta fara ɗan tari. Majo ɗin da muka tarar, wato shugabar ma'aikatan jinya, mace ce mai kaifin baki. Ta karanta takardar ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ta ce manyan haruffan ukun nan tarin fuka na huhu suke nufi. Ta dubi kwanan watan da ke sama, ta tambaya ina takardar ta kwana duk wannan lokaci, kuma wa ya karanta masu. Na ce ni ne. Ta tambayi aikina, na ce malamin Ingilishi. Ta ci gaba da rubutunta kawai, amma da ta mare ni da ya fi mani sauƙi. Gwaji ya tabbatar da ciwon, kuma aka ce ya ci wani ɓangare na huhun hagu. Yarinyar ma ta kamu. Aka gwada duk mutanen gidan har da ni, Allah ya tsare sauran. Aka ɗora su biyun a kan magani.

Da aka ba da babban hutu ban zauna Gazawa ba, na tare gidan yayata. Mijinta yana gona daga safe zuwa yamma, ni na ɗauki kai su karɓar magani da tsayawa a kansu har su haɗiye. Da farko ba mai yi mani magana sai dole. Ban damu ba, na riga na ƙudura cewa ko za a shekara ana juya mani baya, ba zan bar gidan ba sai na ga ƙarshen maganin nan. A wannan zaman ne na sayi littafin rubutu, na fara kiran dattijon malamin nan a waya kusan kullum. Na ce masa ina son in san kalmar da ta kayar da ni ita da duk danginta, kada wata ta sake yi mani kwanton ɓauna.

Shi kuwa bai koyar da ni kamar a aji ba, da abin da ke gabana ya riƙa yi mani misali. Ya ce abin da ya samu yayata a watanni ukun da ta kwanta shi ake kira deteriorate, wato taɓarɓarewa sannu a hankali, kuma ba sai an taɓa warkewa ba ake faɗinta, ana faɗinta ga rufin ɗaki, ga hanyar mota, har ga zumunci. Relapse kuwa ba ta samun wurin zama sai an fara samun sauƙi tukuna, shi ya sa ta fi ciwo, don tana zuwa ne bayan an yi murna. Wata rana na gaya masa autar yayata, wadda da har aikenta ake yi, tun da ta kwanta ciwo ta koma kukan a goya ta, ba ta cin abinci sai an ba ta a baki. Ya ce wannan ita ce regress, mutum ya koma matakin da ya riga ya wuce, kamar ɗaliban da za su dawo mana bayan hutu sun manta abin da suka iya. Ya ce in yi hattara da revert, don ita komawa yadda ake a da kawai take nufi, ko da kyau ko babu, kamar gonar da aka bari ta koma daji. Da na tambaye shi backslide sai ya yi dariya, ya ce wannan ba ta likita ba ce, ta masu wa'azi ce, mutum ya tuba daga mugun hali sannan ya zame ya koma, kuma in riƙe ta da kyau don ni ta fi shafa.

A wata na uku abin da majo ta yi ta gargaɗi a kai ya faru. Yayata ta fara jin ƙarfi, tarin ya ragu, ta fara cin tuwo. Maganin kuwa yana tayar mata da zuciya, yana sa gaɓoɓinta ciwo. Aka yi bikin wata ƴar dangin mijinta a wani ƙauye, ta matsa sai ta je. Na ƙulla mata maganin kwana biyu a bakin zane. Da ta dawo na ga ƙullin yadda na ba ta. Ta ji kunyar sha a gaban mata. Da na yi magana sai ta fashe da kuka, ta ce ai shi ke nan ta ɓata komai, an ce wanda ya tsallake kwana ya rushe aikin, ita ba za ta koma gaban majo a ci mata mutunci ba, abin da Allah ya rubuta shi zai faru.

Na zauna kusa da ita na ce mata a Ingilishi akwai kalma biyu masu kama da juna kamar wa da ƙane. Ɗaya lapse, ita ce tuntuɓe, mutum ya yi ɗan sakaci na ɗan lokaci. Ɗayar ita ce waccan da ke takardarta, ciwo ya dawo gaba ɗaya. Na ce abin da ta yi tuntuɓe ne, kuma zai tsaya a tuntuɓe in muka je wurin majo yau muka faɗi gaskiya, amma in ta zauna a gida, da ƙafarta za ta taka zuwa ta biyun. Ta share hawaye ta dube ni ta ce, “Wannan ma ƙaga ta ka yi?”

Ban ji haushi ba, don ni na saya wa kaina. Na kira dattijon, na buɗe muryar wayar, na ce ya gaya mata da bakinsa. Ya gaishe ta da jiki cikin Gobirancinsa, ya ce mata ƙanenta ya yi gaskiya wannan karon, amma shi malamin kalmomi ne ba likita ba, hukuncin magani yana hannun majo, ta tashi ta tafi. Ta ɗauki mayafi. Majo ta yi mata faɗa, ta yi mani wanda ya fi nata, ta duba ta, ta ce a ci gaba. Daga ranar yayata ba ta sake tsallake ko kwana ɗaya ba. Da aka koma lakol na riƙa zuwa duk Laraba da Asabar a kan babur ɗin aro, mijinta ya riƙe sauran ranakun.

Allah cikin ikonsa suka ƙare magani, aka gwada aka ce sun warke, ita da yarinyar. Autar yanzu tana kolej, lafiyarta lau. Amma yayata ba ta koma yadda take ba. Ɓangaren huhun da ciwon ya ci bai dawo ba. Ba ta iya tsayawa kan hayaƙi, saboda haka suyar ƙuliƙuli da matsar mai sun ƙare, sana'ar da ta yi suna da ita shekara ashirin. Yanzu ɗanyar gyaɗa da aya take aunawa a ƙofar gida. Ta yafe mani, ta faɗa da bakinta ba sau ɗaya ba. Mijinta muna gaisawa da mutunci, muna cin tuwo kwano ɗaya, amma tun daga ranar bai sake miƙo mani takarda ba, ko da ta taki ce. Wani yake kai wa. Ban taɓa yi masa ƙorafi ba.

Na koma jami'a ina karatu daga nesa har na ƙare, kuma littafin nan da na fara a gidan yayata yanzu ya zama na huɗu. Duk da haka kada wani ya ɗauka halin ya mutu. Bara wani manomi ya kawo mani kwalbar maganin feshi a kasuwa, mutane sun kewaye mu, na ci karo da wata kalma da ban sani ba. Wallahi sai na ji bakina ya fara shirya amsa da kansa, da irin muryar nan ta da. Na haɗiye ta. Na ce masa ban san wannan ba, ya ba ni minti biyu in duba. Wani daga gefe ya yi dariya ya ce ashe Mushe ma akwai abin da bai sani ba. Na ce masa suna da yawa. A ranar na gane abin da dattijon yake nufi da ya ce backslide ni ta fi shafa. Mai irin halina ba ya warkewa ya manta, tsaron kansa yake yi kullum.

Ga abin da nake son faɗi ga ƴan'uwana da Allah ya ba ɗan ilimi a cikin dangin da ba su samu ba. In an miƙo maku takarda, ba girmanku aka miƙo maku ba, rayuwar wani ce. Kalma biyu suna iya yin kama a ido kamar tagwaye, ɗaya ta ce kwanta, ɗaya ta ce tashi ka ruga. Kamanni da Faransanci ba hujja ba ce. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku duba, ku tambayi wanda ya fi ku, kuma takardar asibiti ku mayar da ita asibiti ko da kuna ganin kun gane ta. Ku kuma masu jinya, in an ce ku kai takarda likita ku kai, ko da ɗanku ne ya ce babu gaggawa. In ciwo ya dawo ba abin kunya ba ne, kuma in kun yi sakacin kwana ɗaya ko biyu kada ku ce komai ya rushe, ku koma wurin masu magani a ranar.

Ni kunyar minti ɗaya na guje wa. Yau in na je Gangara, yayata takan taso daga kan tabarma don ta tare ni, kuma kafin ta iso zaure sai ta tsaya sau ɗaya ta dafa bango ta numfasa. Nakan tsaya in jira ta, ba na kawar da kai. Na yi wa kaina alkawari, muddin ina riƙe da alli ko ana miƙo mani takarda, babu wanda zai sake tsayawa dafa bango saboda na ji nauyin cewa ban sani ba.